Ɗorawar Durba Ta Tsufa, Ina Magadanta?

Kowace damina ana raba dashen itatuwa a Jihar Kano, da yawa daga cikinsu kuma ba sa ganin damina ta biyu. Shekara sittin ke nan masu binciken gandun daji suna bin diddigin dalili a Samaru, Afaka da Yambawa. Abin da suka gano ya shafi manomin Rano da Kibiya kai-tsaye.

Wanda ya bar Kano ya bi ta Bunkure zuwa Rano, ya zarce Kibiya har ya shiga karkarar Durba, zai ga ƙasar ba ta rasa itatuwa ba. Gonakin dawa, masara, gyaɗa da waken suya duk suna da inuwarsu jefi-jefi: nan ɗorawa ta baza rassa, can kuka, gaba kaɗan tsamiya ko kaɗanya ko ɗinya, bakin gari kuma ya sha darbejiya da mangwaro. Baƙon da ya taho da labarin kwararowar hamada a kunnensa zai ce ai nan lafiya lau.

Sai dai a tsaya a gindin ɗorawa guda, a waiga gabas da yamma, a nemi ƙaramarta. Ɗorawar da kaurinta bai wuce cinyar mutum ba, ko kaɗanyar da ba ta ɗara tsayin saurayi ba, sai an sha tafiya kafin a yi arba da ita. Galibin manyan itatuwan nan kakanni ne suka bar su. Wasu kauci ya mamaye musu kai, wasu an sassaƙe ɓawonsu don magani, wasu an datse rassansu an ba dabbobi. Duk wadda iskar farkon damina ta kayar, gurbinta ya zama fili ke nan.

A takarda kuwa dashe sai ƙaruwa yake. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin dasa itatuwa miliyan 25 a taron Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2024 gwamnatin Kano ta ƙaddamar da shirin dasa miliyan 3. Kano tana cikin jihohi 11 na shirin nan na shingen itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mai burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, wanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka gyara a yankunan da aka shata masa. Tsakanin ledar da aka raba a watan Yuli da itacen da zai tsaya da ƙafarsa akwai doguwar tafiya, kuma a cikin ƙasa ake yin mafi yawanta.

Ƙasar da ake dasawa a kai

Rano da Kibiya suna zaune ne a kan tsohon dutse, irin wanda ya leƙo sama ya zama duwatsun da suka kewaye garin Rano. Ƙasar da ta samu daga dandaƙewar wannan dutse ja-ja ce, samanta rairayi, ƙarƙashinta yumɓu. A wurare da dama akwai marmara a shimfiɗe a ƙarƙashi: wani wuri sai an yi zurfin gaba guda a same ta, wani wuri kuwa ko kamu biyu ba a yi ba za a ji diga ta yi ƙara. Gwaje-gwajen masana ƙasa a wannan shiyya sun daɗe suna nuna abu guda: ruɓaɓɓen ganye da takin da ke riƙe ƙarfin ƙasa bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, sinadaran naitirojin da fosfaras kuma sun yi ƙaranci. Manomi bai jira awo ba, da ya ga ƙuduji ya yi ja a gindin dawa ya san gona ta gaji.

Ruwan sama a kudancin Kano ya fi na arewacinta, yana kusantar milimita 1,000 a shekarar da damina ta yi albarka. Amma duk a cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka. Daga Oktoba zuwa Mayu kusan babu ɗigo: hunturu ya busar da ganye, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40. Wata bakwai ɗin nan dashe yana rayuwa ne da ɗan danshin da ƙasa ta adana masa. Idan ƙasar mai zurfi ce, saiwa ta bi danshin ƙasa-ƙasa yayin da yake janyewa. Idan marmara ta tare ta, dashen zai yi kore shar har Disamba, mai shi yana murna, Maris na kamawa ya bushe a tsaye.

Akwai kuma maganar fili. Ƙaramar Hukumar Kibiya murabba'in kilomita 404 ce, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 136,736, wato sama da mutum 330 a kowane murabba'in kilomita, tun wancan lokacin. A irin wannan cunkoso ba wanda zai ware hekta ɗari ya ce ta itace ce zalla. In ban da dazukan gwamnati irin na Rurum a ƙasar Rano da na Falgore can kudu, dajin da ya rage wa mutanen nan shi ne wanda ke tsaye a cikin gonakinsu.

Abin da Samaru da Afaka suka gano

Binciken gandun daji na tarayya ya samo asali ne a Ibadan a 1954, a ma'aikatar da ta zama Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya. Da aka ga dabarun kurmi ba sa aiki a Arewa, sai aka buɗe tashar bincike ta musamman a Samaru, Zariya, a 1964, da tallafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Babban filin gwajinta shi ne dajin Afaka kusa da Kaduna. Burin lokacin shi ne samun itacen da zai girma da wuri ya ba da turakun waya, katako da makamashi, don haka hankali ya karkata ga baƙin itatuwa: turare daga Ostareliya, fayin daga Amurka ta Tsakiya, malaina da darbejiya daga nahiyar Asiya.

Darasin farko shi ne sunan itace kaɗai bai isa ba, sai an san garin da irinsa ya fito. An jera irin turare nau'i ɗaya da aka ɗebo daga wurare daban-daban na Ostareliya, aka dasa su gefe da gefe. Waɗanda suka fito daga Petford da Katherine, a arewacin ƙasar inda damina da rani suke kama da namu, suka yi wa na kudancinta fintinkau. Wanda ya karɓi dashe bai san uwarsa ba, sa'a kawai yake gwadawa.

Na biyu, ƙasa tana da ƙananan buƙatun da ido ba ya gani. An lura turare yana bushewa daga kai idan rani ya tsananta, ganyen sama ya murɗe, toho ya mutu. Ana zaton ƙishirwa ce kawai, bincike ya nuna rashin sinadarin boron na da hannu, kuma ɗan kaɗan da aka barbaɗa a gindin dashe ya rage matsalar ƙwarai. Fayin kuma ya ƙi girma, ya yi rawaya ya tsugune, har sai da aka haɗa shi da wasu ƙananan halittu dangin lemar kwaɗi da ke zama a jikin saiwarsa suna jawo masa fosfaras. Ɗebo ƙasa daga gindin tsohon fayin a zuba a ledar sabo ya isa ya raya shi. Takin supa ma ya nuna tasiri a kan ƙananan dashe a irin wannan ƙasa.

Na uku, ciyawa. Gwaji bayan gwaji ya tabbatar da cewa dashen da aka bari a cikin ciyawa, ko da ana sassabe ta daga sama, ba ya kamo ƙafar wanda aka nome gindinsa tas a shekara biyu zuwa uku na farko. Saiwar ciyawa ce ke shanye danshin da dashe zai ci rani da shi, busasshiyarta kuma ita ke kawo gobara. Wannan ya sa dashen da ke cikin gonar gyaɗa ko wake, inda fartanya ke wucewa sau biyu ko uku a damina, yakan fi na filin gwamnati da ba mai nomewa lafiya.

Na huɗu, gara. Ita ce babbar abokiyar gabar ƙaramin turare, tana cinye saiwar daga ƙasa, sai dai a ga dashe ya yi yaushi rana ɗaya. A wancan zamani da magunguna masu dafi irin su aldirin da dildirin ake yaƙarta, waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta saboda illarsu ga mutum da ƙasa. Darbejiya da itatuwan gida sun fi jure mata.

Wata huɗu a cikin leda

Yawancin dashen da ke mutuwa a gona tun daga wurin reno ya ɗauko ajalinsa. A ɗauki ledar da ta kwana biyu a ajiye, a tsaga ta da reza, a kakkaɓe ƙasar a hankali. Sau da yawa za a tarar uwar saiwar ta kai gindin leda, ta rasa hanya, ta naɗe kanta kamar gammo. Irin wannan dashe ko an kai shi ƙasa mai kyau saiwar ba ta miƙewa, tana ci gaba da zagaye har ta shaƙe kanta, bayan shekara biyu ko uku iska ta tuge shi. Wani kuma saiwar ta huda ledar ta shige ƙasan wurin renon, ranar ɗauka aka fizge shi ta tsinke. Ganyensa kore ne a cikin mota, amma rabin ransa an baro shi a baya.

Masu reno na ƙwarai sun san maganin wannan. Suna haɗa ƙasar sama da yashi da taki wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Suna shuka a Maris ko Afrilu, yadda dashe zai yi wata uku zuwa huɗu kafin dasawa. Duk bayan mako biyu ko uku suna ɗaga ledojin su gusar da su, su datse saiwar da ta leƙo. Idan dasawa ta matso sai su janye rumfa, su rage ban ruwa, dashe ya saba da rana da ƙishirwa tun yana gida. Dogon dashe siriri mai laushin ganye, wanda mai saye ke rububi, shi ne ya fi saurin faɗuwa. Gajere mai kaurin gindi da saiwa fara-fara ya fi shi nisan kwana.

Kowane iri da halinsa. Ƙwallon darbejiya makonni kaɗan yake yi ya mutu, ƙwaryar kaɗe ma haka, dole a shuka su da ɗanyensu. Irin gawo, bagaruwa, kuka da kalwar ɗorawa kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare gefe kafin su tsiro da wuri. A daji cikin akuya da saniya ke yi wa gawo wannan aiki. Gawo da kaɗanya suna fara tura saiwa can ƙasa kafin su damu da ganye, shi ya sa zaman leda ba ya karɓarsu, shuka su kai-tsaye a inda za su zauna yakan fi.

Ranar dasawa ma tana da ƙa'ida. Rami ya kai kamu guda a zurfi da faɗi, a ware ƙasar sama a mayar da ita farko, a cire ledar gaba ɗaya, a danne gefe da ƙafa, a yi ɗan gurbin tara ruwa. Lokacin kuma shi ne da zarar damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Bikin dashen da aka ɗaga zuwa ƙarshen Agusta ko Satumba don jiran babban baƙo ya bar wa saiwa makonni kaɗan ta kama ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da itace ke yi wa ƙasa

Manoma sun daɗe suna rarrabe itacen da ke gyara gona da wanda ke cinye ta, bincike kuma ya gaskata su a wurare da yawa. Gawo ne zakara. Yana zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke son rana, ya yi kore da rani, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Saiwarsa tana tara naitirojin daga iska. Awon da aka yi a Bambey ta ƙasar Senegal a shekarun 1960 ya nuna geron gindin gawo ya ninka na fili fiye da sau biyu. Tun kafin wannan awo sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan sare shi.

Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno daga Gana a 1928, ita ma tana da nata alherin. Binciken da S. A. Radwanski ya wallafa a 1969 kan jar ƙasar rairayi ta Sakkwato ya nuna ƙasar gindinta ta ragu da tsami, ta ƙaru da abincin shuka, saboda saiwar na zaƙulo sinadarai daga zurfi, ganye ya zubo da su sama. Aibinta inuwa mai duhu, ga tsuntsaye da jemagu suna yaɗa ƙwallonta ko'ina. Ɗorawa ma tana rage dawar da ke ƙarƙashinta, amma ba manomin da ke ƙorafi, domin kalwa, garin ɗorawa da makuba sun biya kuɗin inuwar har da riba.

Turare ne ake ta ce-ce-ku-ce a kansa. A Yambawa, arewa da Kano, an dasa jerin shingayen turare don kare gonaki daga iska bayan farin shekarun 1970. Iska ta ragu, amma manoma suka ga geron da ke kusa da shingen ya tsumbure. Masu bincike na tashar shingen itatuwa ta Kano, ƙarƙashin L. O. Z. Onyewotu tare da C. J. Stigter na ƙasar Holan, suka tona suka tarar saiwoyin turaren sun miƙe nesa cikin gona suna kwasar ruwa. Da aka haƙa rami a gefen shingen aka datse su, geron ya farfaɗo. Sun kuma nuna cewa an bar tazara mai yawa tsakanin shinge da shinge, ta yadda kariyar ba ta kai tsakiyar gona. Kuskuren tsari ne, kuma da an zauna da manoman tun farko da an rage shi.

Nazarin da aka yi a gandayen turare da fayin na Arewa ya ƙara wani gargaɗi: share dajin asali a dasa baƙon itace yakan rage ƙarfin ƙasar sama a shekarun farko. Idan kuma ana sare turare duk bayan 'yan shekaru, a kwashe har ɓawo da ganye, a ƙone abin da ya rage, to ana fitar da abincin ƙasa ne ba a mayarwa. Ga manomin Durba ma'anar a fili take. Turare yana da kasuwa, masu gini na sayen sandunansa. Wurinsa shi ne fako, tsakuwa, bakin kwazazzabo da gefen hanya. Kusa da rijiya, bakin fadama ko tsakiyar gonar hatsi kuwa, asararsa ta fi ribarsa.

An ƙirga, an ga ƙari, an ga rashi

Tun 1935, lokacin da Baturen gandun daji E. P. Stebbing ya yi shelar cewa Sahara na tunkaro Arewacin Najeriya, ake ɗora wa manomi laifin ƙarar da itatuwa. Hukumar haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ta zagaya yankin a 1936 zuwa 1937 ba ta ga abin da ya faɗa ba. Daga baya Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, shi da abokan aikinsa suka ƙirga itatuwan gonakin da ke kewaye da Kano, suka fitar da littafi kan itacen girki a 1990. Sun tarar inda mutane suka fi yawa nan manoma suka fi tattalin itace: suna yanke reshe su bar uwa, suna sayar da busasshe su bar ɗanye. Itacen da birni ke ƙonawa mafi yawansa daga dazuka masu nisa motoci ke kawo shi.

A 2018 Muhammad Usman da Janet Nichol suka sake duba lamarin da hotunan sama na shekaru masu yawa da kuma ƙirge a gonaki. Sakamakon ya zo da fuska biyu. Yawan itatuwa a gonakin Kano ya ƙaru sosai, amma darbejiya ce ta kwashe kaso mafi tsoka na ƙarin, itatuwan gado kuwa suna ja da baya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A da ana barin gona ta huta shekaru, a cikin saurar nan ne ƙananan ɗorawa da kaɗanya ke samun sukunin tasowa. Yanzu saura ta ƙare. Garmar shanu da tarakta ba sa kauce wa tsiro yadda mai fartanya ke yi. Maganin feshi na kashe ciyawa ba ya tambayar sunan ganye. Da an kwashe amfani a sako awaki da tumaki, duk wani kore ya zama nasu, darbejiya ce kaɗai ɗacinta ke ɗan cetonta. Kalwa da kaɗe kuma sun yi daraja, ana tsince su kakaf, ba a bar wa ƙasa komai. Ga jinkiri: ɗorawa takan kai shekara 8 zuwa 10 kafin ta yi 'ya'yan kirki, kaɗanya 15 zuwa 20. Mata ne za su fi jin wannan giɓi, domin daddawa, man kaɗe da miyar kuka sana'arsu ce kuma cefanensu ne.

Darasin Maraɗi

Amsa mafi arha ta fito ne daga 'yan'uwa na ƙetaren iyaka. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa a jihar Maraɗi. A 1983 ya lura cewa 'yan kumbullan da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a zurfi. Dabarar da ta biyo baya, wadda ake kira sassaben zamani, ba ta buƙatar leda ko ban ruwa. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar toho biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya yanke sauran, ya rage rassan ƙasa, ya ɗaura ƙyalle don mai kiwo da mai itace su san da mai shi. Tun da saiwar ta riga ta kai ga danshi, tohon yana yin girman da dashen leda ba zai yi ba.

Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, daga baya maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Da Chris Reij, Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka auna da hotunan tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye. Abin da ya ɗaure wa dabarar gindi shi ne sassaucin dokar daji, manomi ya sami tabbacin itacen da ya rena nasa ne. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar da hakan.

Ƙasar Kibiya ta fi Maraɗi ruwa, amma gonakinta sun fi daɗewa ana nomawa, an tuge kututture da yawa. Duk da haka kalgo, sabara, marke, kanya da taura suna tohowa a kan iyakoki, gefen burtali da gindin duwatsu, tsiron ɗorawa da tsamiya kuma yana fitowa duk damina. Inda kututture ya ƙare, dashe da shuka kai-tsaye su cike. Akwai kuma aure: magaryar da aka aura da irin Indiya mai manyan 'ya'ya, wadda aka yaɗa daga tashar bincike ta Sadore kusa da Yamai, tana fara haihuwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma mutanen da suka iya auren mangwaro ba sai an koya musu riƙon wuƙa ba.

Na wane ne, kuma wa zai ƙirga?

A ƙasar Hausa itace yana da mai shi, wani lokaci daban da mai gonar. Ana iya jinginar da gona ɗorawar ciki ta zauna a hannun magada. Wanda ya karɓi aro ko haya kuma ba ya dasa itace, domin mai gona zai ɗauka ana shirin ƙwace masa ita. Dokokin daji na zamanin Turawa, na 1916 da 1937, sun ɗora wani nauyin: akwai itatuwan da ko a gonarka suke sai ka nemi izinin malamin daji kafin ka taɓa. Niyyar kariya ce, amma ta koya wa talaka cewa ƙaramin tsiro gara a kawar da shi tun bai zama abin tara ba. Duk shirin da bai warware wannan a gaban dagaci da mai unguwa ba, ya bar baya da ƙura.

Kuɗi kuwa akwai su. Bayan aikin dashen itatuwa na Jihar Kano da Bankin Duniya ya tallafa tun ƙarshen shekarun 1980, a Disambar 2021 bankin ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin gyara hekta miliyan 1. Masana ma suna kusa: Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da tashoshin Samaru da Kano. Kare ƙasar wannan yanki ya wuce amfanin mazaunansa, domin duk ƙasar da ruwa ya kwashe daga tudu a rafuka da madatsun ruwa take kwantawa, irin su Tiga da aka gama a 1974, wadda noman ranin Kadawa, Kura da Bunkure ya dogara da ita.

Abin da binciken shekara sittin ke nema a mazaɓa irin Durba bai fi ƙarfin kowa ba. A tona ramin gwaji a ga zurfin ƙasa kafin a zaɓi itace. A yi reno a kusa, a hannun mutanen gari, da irin da aka tsinto daga ɗorawa da kaɗanyar da kowa ya san suna haihuwa da kyau, maimakon ɗauko leda daga nesa a bayan tipa. A tambayi matan gida abin da suke so a dasa. A sa kuɗin kariya a cikin lissafi tun farko, domin kewayen ƙaya ko na kara a rani uku na farko ya fi dashen kansa tsada, kuma shi ke raba shi da bakin akuya. Dashe 20 da aka killace sun fi 1,000 da aka watsar.

Sai kuma ƙirge. Hekta guda da aka dasa da tazarar mita 3 tana ɗaukar dashe 1,111, kuma wannan adadi ne ake kai wa ofis a watan Agusta. Adadin da ke da amfani shi ne na watan Mayu, bayan hunturu, gobara, gara da dabbobi sun gama ɗibar rabonsu. Idan aka mayar da biyan ɗan kwangila da ladan mai kula ya dogara da abin da ya rayu a Mayu na farko, na biyu da na uku, mai reno zai daina sayar da dashe mai naɗaɗɗiyar saiwa, mai dasawa zai daina jiran Satumba, jami'i kuma zai fara tambayar wace ƙasa ce kafin ya aiko da turare. Hukumar da ke sanar da miliyoyin da ta raba, ita ya kamata ta dawo bayan wata tara ta faɗi nawa ne ke tsaye, ƙauye-ƙauye, itace-itace, ta yadda mutumin Durba zai iya zuwa ya duba da idonsa.